Sunan da Afra'u Ta Ƙi Faɗa

Afra'u taubashiyata ce, 'yar ƙanwar babana, saboda haka duk abin da zan faɗa a kanta ina da izini tun daga kakanni. A unguwar Briqueterie aka haife mu, gida ɗaya, bayan layin masu tsire. Tunda na san ta ban taɓa ganin ta zauna gaba ɗaya ba. Rabin jikinta na kan tabarma, rabi ya riga ya kai ƙofa. A aike ta unguwar Tsinga, sai a ji labarinta can a unguwar Elig-Edzoa tana taya wata tsohuwa cinikin manja.

Allah da ikonsa ya haɗa ta da Nu'man tela, mutumin da kafin ya gama amsa sallamarka ka gama cin tuwo ka wanke hannu. Suka sami ɗa, aka sa masa sunan mahaifin Nu'man, Mohaman Bello. Ga shi ɗan fari, ga shi sunan suruki. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, sunan suruki kuwa ko a mafarki ba a faɗa. Afra'u da ba ta riƙe komai ba a duniya, wannan ta riƙe shi da haƙori. In za ta kira yaron sai ta ce "Kai." In tana maganarsa sai ta ce "wancan." Shi kuma ya tashi yana ce wa kakarsa ta wajen uwa, Goggo Fatu, Inna, uwarsa kuwa Adda, wato yaya, yadda ya ji ƙannenta suna faɗa.

Sai lakiris ta zo, wato matsin tattalin arziki. Aka yanke albashi, ma'aikata suka daina ɗinki, manyan mutane suka koma kawo tsohon wando a rage masa ƙugu. Keken Nu'man ya yi shiru har gizo-gizo ya kama haya a ciki. Ya cire kan keken ya sa a buhu, ya bi 'yan'uwa zuwa Gabon. Bayan watanni saƙon baka ya zo: ta taho, kuma ta zo masa da yaro.

Goggo ta ce, "Bar mini shi. Ina za ki kai ɗan da ko fo bai gama koya ba?"

Ta ce, "Uban wancan ne ya ce."

Ta goya shi, ta ɗauki tukunya ɗaya da fo da garin kunu, ta hau mota.

A Libreville aka ce mata ai Nu'man ya wuce Port-Gentil, can ma'aikatan mai ba su daina ɗinki ba. Ta tsaya tana soya makala, wato fanke, a bakin masallaci har ta sami abin jirgin ruwa. A jirgin yaron ya yi amai har kifayen teku sun san duk abin da ya ci tun ranar suna. A Port-Gentil ƙyanda ta kama shi, wata mata 'yar Mali ta ba su kusurwar ɗaki, Afra'u ta yi jinyar a tsaye, don ko a nan ba ta zauna ba. Kafin ya warke aka ce Nu'man ya ƙetara iyaka zuwa Bata. A shekarar ne Gabon ta tashi korar baƙi. Wata safiya aka zagaye unguwar, taubashiyata ta fita ta taga da ɗa da tukunya, ta bar jakar da takardar haihuwarsa take ciki. Da na tambaye ta me ya sa ta zaɓi tukunya, cewa ta yi takarda ba ta dafa kunu.

Yaron a hanya ya girma. Ya iya barci a kan buhun albasa, ya iya roƙon ruwa da yare huɗu. Da ya fi ƙarfin goyo sai ta ɗaura igiya daga hannunta zuwa nasa in za su shiga kasuwa, kamar mai kai akuya. Duk lokacin da ya yi rigima ta ce, "Yi shiru, za mu koma wurin Innarka."

A Bata ne ta ji labarin ƙarshe. Zazzaɓi ya kayar da Nu'man, tuni ya koma gida. Damina biyu tana bin mutum ƙasa ƙasa, shi kuwa yana Briqueterie a ƙofar gidanmu yana shan shayi yana cewa, "Tana hanya, in Allah ya so."

A hanyarta ta komawa gida, a kasuwar kan iyaka, ta gamu da Haman direba, ɗan unguwarmu mai kai albasa can, ya sa su a gaban motarsa. Daga bakinsa na ji sauran, kuma Haman ba ya ƙari kamar ni.

Sun shigo ƙasarmu ke nan aka tsare su a wani shinge. Lokacin ana ta raɗe-raɗin satar yara. Wani jandarma, mutumin kudu, ya nemi takardar yaro, babu. Ya tambaya da Faransanci, Haman yana fassarawa.

"Ɗanki ne?"

Afra'u ta dubi ƙasa. Ta ce, "Na gidanmu ne."

"Yaya sunansa?"

Ta ja bakin mayafi ta rufe baki. Haman ya yi sauri zai faɗa, jandarman ya ɗaga masa hannu, ya ce ba shi aka tambaya ba. Ya tsuguna gaban yaron ya nuna ta.

"Wannan mamarka ce?"

Yaron ya ce, "A'a, Adda ce. Innata tana Briqueterie."

Nan take aka kwance igiyar daga hannunsa. Aka kai shi gindin mangwaro a ɗaya gefen hanya, wurin wata mai sayar da ayaba, aka ce da rana motar hukuma za ta tafi da shi gari, ita kuma ta jira bincike. Haman ya yi bayanin al'ada har maƙogwaronsa ya bushe. Jandarman ya ce shi ma yana da 'ya'ya, bai taɓa jin uwar da ba ta iya faɗin sunan ɗanta ba. In nata ne, ta kira shi daga nan ya gani.

Haman ya ce, "Afra'u, don girman Allah, suna ne fa, ba naman alade ba."

"Sunan surukina ne."

"Surukinki yana kabari a Garoua, ba zai ji ba."

"Kai za ka ji. Kuma bakinka ya fi motarka gudu."

Ta je bakin kwalta ta dawo, ta je ta dawo. Ta ce "Kai," yaron bai juyo ba, yana fama da ayaba. Ta motsa leɓe, ko Haman da ke kusa bai ji komai ba. Sai ga motar hukuma ta tsaya, aka buɗe ƙofar baya, wani ya kama hannun yaron.

Haman ya ce muryar da ta fito sai da tsuntsayen mangwaron suka watse. "Mohaman Bello." Cikakke, har da Bellon.

Yaron ya waiga hagu, ya waiga dama, yana neman mai kira. Da ya ga daga ina muryar ta fito ya fizge hannunsa, ya ƙetara kwalta a guje, ya cusa kai cikin zaninta. Sannan ya ɗago ya ce, "Adda, ashe kin san sunana?"

Ta durƙusa a gaban jandarmomi da direbobi da masu ayaba ta rungume shi, abin da ko a ɗakinta ba ta yi in da mutum. Jandarman ya sa Haman ya fassara masa abin da yaron ya ce. Da ya ji, sai ya ce a ɗaga shinge.

Kafin ta sauke tukunya a tsakar gida labari ya kai har unguwar Cité Verte. Nu'man yana ta haɗa kalmomin maraba, bai gama ba tukuna. Goggo Fatu ta karɓi jikanta ta juya shi ta duba, sannan ta dubi 'yarta.

"An ce kin faɗa."

"Na faɗa, Inna."

"Da ƙarfi?"

"Za su tafi da shi ne."

Goggo ta shafa kan yaron. Ta ce, "To, ya yi. Kada ki saba."