Fumie da Motar da Ta Sha Ruwan Wanka

Shekara talatin da huɗu Fumie ta yi tana kula da gidan wankan unguwarsu a Beppu, kuma ba ta taɓa yin kwana uku a jere a wajen garin ba. Ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa bai san ranar hutu ba. In ta yi sakaci mako guda, farin ɓawon nan mai tauri da ruwan ke bari zai toshe bututu, tsofaffin unguwa su taru a ƙofa da tawul a wuya suna kallon ta kamar ta kashe musu ɗan'uwa. Ranar da ta miƙa makullan, tana da shekara sittin da tara, abu ɗaya ta ce tana so: ta tsallaka zuwa tsibirin Shikoku a jirgin ruwa, ta zaga wuraren ibadarsa tamanin da takwas a cikin motarsu.

Motar tsohuwa ce, mai gado da ɗan murhu a baya, ta girmi jikokinsu duka. Mijinta Tadanori, malamin kimiyya mai ritaya, shi ke kula da ita, kuma ya kula da ita ƙwarai har ta fara ɗiga. Kullum da safe sai an tarar da ɗan tafki a ƙarƙashinta. Allurar ma'aunin zafi kuma ta koyi hawa ja. Malam ya bi lamarin da natsuwar masana, ya gano cewa ba ta hawa sai an shiga kogon hanya, wanda aka fasa cikin dutse. Ya yi bayani cewa iskar kogo nauyi gare ta. Bayanin ya ɗauki minti arba'in.

Shuto bakanike, wanda tsohon ɗalibinsa ne, ya bi su cikin kogo, ya ga allura a ja, ya sosa ƙeya.

"Malam, ka yi haƙuri, injin nan ya yi sallama da duniya."

Ɗansu Noriyuki ya bugo waya daga Fukuoka. Ya riga ya yi magana da masu sayen ƙarafa, za su zo ranar Litinin. Ya kuma samo wa iyayensa yawon kwana uku a babbar bas, da jagora mai riƙe tuta.

"Mama, har abinci ana bayarwa."

"A gidan yari ma ana bayarwa," in ji Fumie.

Ba ta san inji ba. Amma da ta ɗaga kujerar gaba ta leƙa injin da ke ƙarƙashinta, sai ta ga abin bai wuce sana'arta ba: ruwa mai zafi ne yana yawo cikin bututu. Ta shimfiɗa tabarma ta kwanta ƙarƙashin motar, ta bi danshi da yatsa har ta kai ga tiyon da ke ƙasan lagireto. Ya kumbura, zoben ƙarfen da ke ɗaure shi ya cinye. Ta cire shi, ta zura yatsa ciki, ta kankaro abin da ta yi rabin rayuwarta tana kankarewa. Ta sansana. Farar wuta.

Ta tarar da Malam yana yankan farce a baranda.

"Baban Noriyuki, wane ruwa kake zuba wa motar nan?"

"Ruwa mai kyau."

"Na ina?"

Ya ci gaba da nazarin babban yatsansa. Can ya ce, "Ruwan da ya warkar mini da gwiwa. Ya warkar da bayan tsoho Himeno. Daga Tokyo mutane ke zuwa su shiga cikinsa, mu muna da shi a bakin ƙofa, sai in ba motata ruwan famfo?"

"Ita motar, gwiwa gare ta?"

"Shekara uku tana sha ba ta yi ƙorafi ba."

"Ga ƙorafin nan a tsakar gida kowace safiya. Kai ka koya wa yaran garin nan kimiyya? Shi ya sa Shuto ya fito haka."

Kwana biyu ta yi tana wanke cikin lagireto da garin tsamin da take wanke bututun gidan wanka, har ruwan ya daina fitowa kamar kunu. Ta sa sabon tiyo da sabon zobe, ta zuba koren ruwan da aka yi domin aikin. Asabar da safe ƙasa ta kwana a bushe. Ta ja motar zuwa kogon farko a hanyar dutse, ta kunna fitila kamar yadda kowane direba ke yi, allura ta miƙe zuwa ja.

"Na ce iskar kogo ce," in ji Malam, cikin tausayi.

Ta dawo gida. Ta ɗauko ma'aunin zafin girkinta ta ɗora a bakin tiyo. Injin lafiyarsa ƙalau, allurar ce ke ƙarya. Ta zauna a kujerar direba tana tunanin me kogo ke da shi da tsakar gida ba shi da shi. Sai ta murɗa fitila, da rana tsaka. Allura ta hau. Ta kashe, ta sauko. Ta yi haka sau biyar don jin daɗi kawai.

Kowa a unguwar ya san tururin da ke fita ta magudanan titi yana cin waya, talabijin ma ba ya tsufa a gidajensu. Ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har ta sami wadda ke haɗa inji da jikin mota, bakinta ya yi baƙi ƙirin. Ta kwance noti, ta goge da samfefa har jan ƙarfe ya fito, ta shafa giris, ta ɗaure.

Litinin Noriyuki ya iso da takardu. Ta sa shi a gaba, Shuto da Malam a kan gadon baya, ta bi da su kogo huɗu da fitila a kunne. Allura ta tsaya a tsakiya ba ta ko motsa ba. Noriyuki ya yi ta ƙwanƙwasa gilashin da yatsa ko ta maƙale.

"Inna, wa ya gyara miki?" in ji Shuto.

"Mun yi bincike," in ji Malam.

Noriyuki ya fita ya kira masu ƙarafa, yana ta sunkuya wa wayar yana ba da haƙuri.

Ranar Alhamis suka kama hanya, Fumie a sitiyari. Ta ba Malam taswira don ya sami abin yi, ya ɓatar da su sau biyu kafin tashar jirgin ruwa, wadda ake hangowa daga barandarsu. Duk da haka su ne na uku a layi.