Motar da Ni Kaɗai Take Ji

Shekara goma sha tara makullin motar Alhaji yana aljihuna. Alhaji fataucin goro yake yi a unguwar Sabo ta Ibadan, ni kuma direbansa ne. Kafin sitiyari dakon goro na yi, lokacin ina da ƙarfin wuya. Boko ban yi ba. Abin da na sani da kunne da hannu na san shi.

Motar tsohuwa ce. Bara ta fito da wani hali. Yau ka murɗa makulli sau ɗaya ta tashi. Gobe injin ya yi ta juyawa, ya ƙi kamawa. Muka canja batir. Muka canja fulogi. Wani bakanike Bayarabe a Mokola ya rantse famfon mai ne, aka sa sabo. Ta yi kwana huɗu lafiya, ta koma.

Ni na gano wani abu. Idan na buɗe makulli na yi shiru, akwai ɗan kuka da ke tasowa daga ƙarƙashin kujerar baya, kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Famfon ne yana tura mai. In na ji kukan, za ta tashi. In ban ji ba, ko zan kwana ina murɗawa banza ne. Wata rana don haushi na buɗe but na kai wa gefen hagu naushi. Da na koma na buɗe makulli, sai ga kukan.

Ban faɗa wa kowa ba. Duk ranar da ta ƙi, sai in zagaya baya kamar zan gyara kaya, in yi mata ɗaya, in dawo. Ɗan Alhaji ya gwada tayar da ita ya kasa. Maƙwabci ya gwada ya kasa. Alhaji ya riƙa cewa a gaban mutane, “Motar nan direbana kaɗai take ji.” Maganar ta yi mini daɗi. A shekara goma sha tara ita ce yabon da na samu.

Sai ranar da aminin Alhaji ya rasu a Akinyele, aka ce jana'iza bayan azahar. Alhaji ya fito da babbar riga ya zauna a baya. Na buɗe makulli, shiru. Na zagaya na naushe ta, shiru. Na ƙara, na ƙara, har fatar hannuna ta saɓule. Alhaji, dattijo mai furfura, ya tattare riga ya hau okada, 'yan unguwa suna kallo. Ya isa an riga an binne.

Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya ce, “Gobe ka kira Injiniya, ka ba shi makullin. In laifin motar ne a gyara ta. In laifinka ne, ka huta haka nan.”

Ba ni da gona, ba ni da shago. Makullin nan kaɗai gare ni.

Wanda yake kira Injiniya ɗan garinmu ne. Ni na tarye shi a tasha ranar da ya sauka Ibadan, da buhu ɗaya a ka. A ɗakina ya kwana shekara biyu, a kwanona ya ci. Ya yi dako kamar kowa, sai ya maƙale wa wani Bayarabe mai gyaran wayarin ɗin mota har ya iya. Yanzu yana da rumfarsa, yana da tumbi, Yarabanci a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibi. Shi Injiniya ne. Ni har yau Direba.

Da hantsi ya zo da 'yar jakarsa, ya rusuna.

“Yaya, ina kwana. Har yanzu kana tare da tsohuwar nan? Ba ka sake ta ba?”

“Ta fi ka hankali.”

Ya yi dariya ya miƙo hannu. Na ba shi makullin. Ban taɓa ganin makullin nan a hannun wani na ji zafi irin na ranar ba.

Ya zauna a kujerata, har ya ja ta baya don tumbinsa. Ya buɗe makulli ya karkata kai. Ashe shi ma ya san kukan. Ni wata biyu na yi kafin na gane, shi a zama ɗaya.

“Wace rana take ƙi, Yaya?”

“Ranar da ta ga dama.”

“Ba abin da kake yi mata ta tashi?”

“Bismillah nake yi.”

Ya duba fis, lafiya. Ya zaro wani ɗan akwati baƙi da ke ba famfon wuta, ya musanya shi da na hon. Hon ya yi ƙara, famfo shiru. Ya ɗaga kujerar baya, ya ɗauko ɗan ƙwan fitila mai waya biyu ya taɓa. Ƙwan ya kama.

Ya ce, “Wuta tana zuwa. Hanyar komawa ce babu.”

Ya kama wata baƙar waya ya bi ta da yatsa. Ta bi ta bayan kujera ta shiga but. Ya yaye shimfiɗar but ɗin, sai warin jiƙaƙƙen ganye ya taso. Ƙasan duk danshi, ya yi ja. A gefen hagu wayar take ɗaure da jikin motar, kuma ƙarfen da ya riƙe ta ya ci tsatsa, ya yi kore. Sama da shi kaɗan jikin motar ya loɓa. Ya dunƙule hannunsa ya sa a loɓawar, ta yi daidai. Ya dubi hannuna da ke ɗaure da tsumma.

Ruwan nan ni na zuba shi. Duk mako nakan kai kwandunan goro Akinyele, a loda su a manyan motoci masu tafiya Arewa. Wanda ya yi dakon goro ya san ba a barin ganyensa ya bushe. Ina da gorar ruwa a mota. Duk inda na tsaya sai na buɗe but na yayyafa. Goron Alhaji bai taɓa yaushi a hannuna ba. Shekara da shekaru ina shayar da goro, ashe har da wayar nake shayarwa.

Injiniya ya kwance wayar, ya kankare ƙarfen har ya yi fari, ya yanke ruɓaɓɓen bakin ya ɗaure ta can sama inda ruwa ba ya kai. Ya buɗe makulli. Kukan ya zo. Ta tashi. Ya kashe ya tayar har sau bakwai, ina ƙirgawa, ina fatan ta ƙi ko sau ɗaya.

Alhaji ya fito daga zaure.

“Injiniya, mene ne?”

Na sa ido a ƙasa ina jira.

“Tsatsa ce, ranka ya daɗe. Tsufa. Da ba don Yaya ba sai in kwana uku ina nema. Shi ya nuna mini gefen.”

Alhaji ya karɓi makullin ya jefo mini, na cafe. Sannan ya kama hannun Injiniya ya ja shi kan tabarmarsa, ya sa aka kawo farin goro, wanda yake ajiye wa manyan baƙi. Ya ɓara da hannunsa ya ba shi rabi. Ni ina tsaye ina mayar da kujerar baya. Kwandon da goron nan ya fito, ni na yayyafa masa ruwa.

Da Injiniya zai tafi ya matso kusa da ni.

“Yaya, ka riƙa jiƙa goron a ƙasa, ya tsane, sannan ka loda. Ka shimfiɗa leda.”

“Na ji.”

Haka nake yi yanzu. Motar ba ta sake ƙi ba. Ɗan Alhaji yana tayar da ita, maƙwabci ma yana tayarwa. Alhaji ya daina waccan maganar. In baƙi suka yaba motar, cewa yake, “Ai Injiniya ne ya raya ta.”

Makulli yana aljihuna, kuma na san wanda ya bar mini shi. Ban yi masa godiya ba. In zan je Mokola nakan bi ta bayan masallaci don kada in wuce rumfarsa ya rusuna mini. Da safe in na buɗe makulli nakan yi shiru in kasa kunne. Kukan yana zuwa kullum, ko ni ne a kujerar ko wani.