Ganyayen da Baba ya sha

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano likita a Rano ya ce Babanmu yana da ciwon suga. Tun daga ranar zama ya gagare ni. Ina koyarwa a firamare a Kibiya, shi yana Kahu, da an tashi daga makaranta sai in hau babur, ko abinci ba na tsayawa ci.

Lokacin masu magani sun cika kasuwanni da lasifika a kan mota, rediyo ma daga siyasa sai tallan ganye. Labarin ciwon na bazuwa, kowa ya zo da nasa. Gwaggo ta aiko da shuwaka daga Fammar. Liman ya kawo ganyen mangwaro, wani Bafulatani abokin Baba ya ɗauro sabara a bayan keke. Ni ma da na ji an ambaci ganyen gwaiba, ban kwana ba sai da na tsinko. Tukunyar Inna ba ta sauka daga murhu. Baba ya runtse ido ya shanye duk abin da aka miƙa masa, ni kuwa in tsaya a kansa ina duban fuskarsa, in fita, in sake dawowa.

Wata Juma'a jiri ya kwashe shi a ƙofar masallaci, muka kai shi asibiti. Likitan ya tambayi abin da yake sha. Na fara zayyanowa, ya ɗaga mini hannu.

"Malam, akwai sinadarai a ganyayen nan masu kare jiki, gaskiya ne. Amma an tara masa su a kan ƙwayar da na ba shi, sugan ya faɗi ƙasa. Baba, me ya sa kuka sha duka?"

Baba ya ce a hankali, "Kowa don Allah ya kawo. Na wa zan mayar?"

Aka bar masa ƙwayarsa da zogale a abinci. Masu kawowa ba su daina ba. Inna takan karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta zagaya baya ta zuba wa awaki. Baba ya warware har ya koma gona da damina. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na daɗe duk zuwan da zan yi, kafin in gaishe shi sai na fara buɗe tukunyar da ke kan wuta.