Ƙarfen Tashar da Sale Ya Kwanto

Ni ban yi makaranta ba, kuma ba na ƙarya don a saurare ni. Wanda zai ƙaryata ya ƙaryata, wallahi abin nan a kan idona aka yi shi.

Bayan yaƙin basasa ne, ina aure a Gwangwan ta ƙasar Rogo. Akwai wata 'yar tashar jirgin ƙasa can wajen hanyar Zariya, da ina yarinya a nan uwata ke sayar da fura, don jirgin gawayi dole ya tsaya ya sha ruwa. Da aka kawo jirgi mai shan mai sai aka daina tsayawa a nan, ma'aikata suka watse, mutane kuma suka bi tashar da kwasa, wannan kwano, wancan katako. Sale, ƙanin mijina, maƙeri ne, mai shegen kwaɗayi, shi ya je da jaki ya kwanto guntun ƙarfen dogon jirgi da ke rataye a tsamiyar tashar, wanda ake bugawa in jirgi ya kusa.

Na ce, "Sale, wannan ƙarfen kira aka yi shi dominsa. Mai da shi."

Ya ce, "Yaya, ki tsaya a kan tukunyarki, ƙarfe ba na mata ba ne."

Ranar da ya fara ƙira a kansa, da azahar tsaka, na ji warin gawayin jirgi ya cika gidan, ƙasa tana rawa a ƙafata, alhali babu dogo ko kusa da mu. 'Yata Ladi, shekararta bakwai, ta bar cin tuwo, ta ɗaure zanenta a ka kamar ƙunshin tafiya, ta fice ba waiwaye. A bakin rafi na cim mata, ina riƙe ta tana fizgewa da ƙarfin da ba nata ba, tana cewa, "Inna, sake ni, za su bar ni."

Na ce su wa? Ita dai sai ja na take yi wajen hanyar tashar.

Washegari ya sake bugawa, ta sake tashi, har sai da na ɗaure ta a jikin turmi. Ban nemi izinin kowa ba. Na shiga maƙerar na ce ko ya ɗora min ƙarfen a jaki in mai da shi tasha ko in tara masa gari. Ya ɗora yana zagina.

Da na isa tashar, rana tsaka, sai ga mutane zaune a gindin tsamiyar da kayansu, sun fi ashirin, duk sun ba ni baya, kuma ko ɗaya ba shi da inuwa. Na tura ƙarfen ƙasa. Wata tsohuwa, ba ta juyo ba, ta ce, "Ke kaɗai? Ina yarinyar?"

Ban san yadda na kai gida ba. Ladi ta warke, ta yi jikoki, amma har ta rasu ba ta yarda ta hau jirgi ba. Sale kuwa ban ƙara gaishe shi ba.

Ku masu ɗebe kayan kufai, ku tambayi abin da aka yi su dominsa kafin ku kai su inda 'ya'yanku ke kwana.