Kututturen da Bitrus Ya Hango a Waya

Yayana Bitrus ya shekara arba'in yana bin garmar shanu a Kafur, kuma ba ya iya wuce gonar mutum bai kushe huɗarta ba. Boko kuwa ko aji ɗaya bai yi ba. Abin yana cin ransa. Lokacin da 'yarsa Lilian take firamare, da ta ɗauko aikin gida sai ya tuna bai ba shanu ruwa ba.

Lilian ɗin ce yanzu take digiri na uku a ƙasar waje. A kan wani dutse take bincike, mai ɓawo hawa-hawa kamar albasa. In an sanyaya shi ƙwarai, ƙwayoyin lantarkin cikinsa sai su jeru layi-layi, nan tudu nan kwari. Wata na'ura mai allura ke shafa fuskarsa tana fito da hoton jerin.

Bara da damina ta zo gida a rame. Layukan hotunanta suna lanƙwashewa, wasu su yanke a tsakiya. Malaminta ya ce allurar ce ta lalace. Ya ba ta wata biyu, in ba ta kawo hujja ba a watsar da aikin shekara uku.

Muna zaune a gindin mangwaro tana nuna mini hotunan a waya, ni da ban fahimci komai ba ina ta gyaɗa kai, Bitrus ya leƙo. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa.

"Wa ya yi wannan huɗar?"

"Baba, ba gona ba ce."

"Ko ma mece ce, garmarsa lafiya lau. Da bakin garma ne ya lalace, duk kunyoyin za su ɓaci, daga farko har ƙarshe. Dubi nan, sun miƙe sarai, sai nan kawai suka kauce. Kututture ya tarar, ya kewaye, ya cike gurbin da guntuwar kunya. Ki nemi kututturen."

Na yi dariya har da ƙwalla. Ita ba ta yi ba.

Da ta koma, ta ƙara girman hoton daidai inda layukan suke kaucewa. Wuri goma sha bakwai ta duba, a kowanne ta tarar da baƙuwar ƙwaya ɗaya da ta maƙale cikin dutsen. Malamin ya janye maganarsa, aikin ya tsaya da ƙafarsa.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci ta kira wayata, na miƙa wa Bitrus. Ya saurara, ya ce "To, madalla," kamar an gaya masa farashin masara. Ya juya ya nufi turken shanu. Na bi shi, na same shi yana share ido da hularsa, ni ma sai nawa suka cika.

"Atu," ya ce mini, "yau dai na taya yarinyar nan aikin makaranta."