Almu da Bakin Bututu

A Dakoro in kana son faɗa da Almu magini, ce masa ka ga ɗigon ruwa a rumbun da ya gina. Shekara talatin yana ginin rumbunan laka, daga nan har Birnin Lalle, kuma abin da yake taƙama da shi ke nan: ruwan sama bai taɓa samun ƙofa a aikinsa ba. Ba shi da gonar kirki, ba shi da ko jaki. Sunan nan shi ne gonarsa.

Shekara biyu da samun mulkin kai, bututun hayaƙin gidan likita ya tsage. A ƙarƙashinsa ake hura wutar babbar tukunyar ƙarfe da ake dafa allurai da tsummokaran marasa lafiya. Aka aiko da sabon bututu na ƙarfe daga Maraɗi a kamiyo, babbar motar kaya, sai dai ƴar hularsa ta ɓace a hanya. Majo Sa'adu, babban ma'aikacin jinya, ya kira Almu ya kafa shi.

"Baba Almu, saman nan a buɗe za ka bar shi. Ta nan hayaƙi ke fita."

"To, ɗana," in ji Almu. Amma a ransa cewa ya yi, yaron jiya da ɗan karatun lakwal, wato boko, zai koya masa gini?

Kwana uku ana dafa allura a tukunyar tuwo ƙarƙashin itacen bedi, shi kuwa yana sama yana aiki. Ya kafa bututun tsaf, wannan kam ba a raina masa ba. Da ya gama ya leƙa bakin, ya ga rami wangame yana kallon sama, ga damina ta ƙarato. Haba! A ce Almu ne ya bar wannan? Majo na tafiya cin abinci, Almu ya kwaɓa laka ya liƙe bakin ruf, ya kifa masa ɗan jinka kamar na rumbu. Har da shafe gefen da tafin hannu don ya yi kyau.

Washegari aka hura wuta. Wayyo! Hayaƙi ya nemi hanya ya rasa, ya juyo ɗakin marasa lafiya. Mai karaya da ya yi wata bai taka ƙasa ba, shi ya riga kowa fita. Aka ɗauko wata tsohuwa mai tari, Inna, a tabarma, tana tsine wa mulkin kai da wanda ya kawo shi.

Majo bai zagi Almu ba, da ma ya zage shi da ya fi sauƙi. Guduma ya miƙa masa. Ranar kasuwa ce, rabin gari na tsaye, Almu ya hau ya fasa liƙin da hannunsa, ya sauko ya bar rami a buɗe.

Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, ba hayaƙin suka riƙe ba. Tari ai yana wucewa. Abin da suka riƙe shi ne sun ga Almu ya gama gini ya bar baki a buɗe. Aka ce aikin Nasara ya ɓata masa hannu. Wa zai zuba geronsa na shekara a rumbun irin wannan mutum?

Da kaka ta zo, ya wanke kayan aikinsa ya zauna a ƙofar gida yana jiran kira. Wallahi na tausaya masa. Jimrau, mijin ƴarsa, ya wuce ta gabansa ya gaishe shi har ƙasa, a bayansa kuwa wani magini ne da ya ɗauko daga Korahane.