Hoton Habu

Da daminar shekarar da na shiga aji uku, wata ranar Talata, ina tsugune bakin rijiyar gidanmu a Ƙofar Kibo ina wanke-wanke, na jiyo numfashin ƙanena Habu kamar ana jan zarto. Ko koko ya daina haɗiya, yawu sai dalala yake, wuya ya sanƙare. Habun da ba ya barinmu mu yi 'yar carafke lafiya, sai ya kwashe duwatsun ya ruga zaure, ga shi kwance a tabarma ko ƙuda ba ya kora. Kakarmu ta ce beli ne. Aka kira wanzami ya yanke, aka ba shi tukuici, zazzaɓi bai sauka ba, kumburi ya ƙaru.

Wata maƙwabciyarmu mai aikin jinya ce ta leƙo ta ce wa Baba a kai shi babban asibiti a yi masa hoto. Inna, baiwar Allah, ba ta san wani hoto ba sai na mai hoto. Ta ciro masa rigar sallah da hula, ta shafa masa mai, har da kwalli, shi kuwa yana langaɓewa a hannunta. Aka tafi da ni ina riƙe da buta.

"Hajiya, cire masa rigar," in ji mai na'urar. "Ba fuska za mu ɗauka ba."

Likita ya ɗaga wata baƙar leda mai kauri a gaban fitila, ya nuna wa Baba ƙasusuwan wuya da wani farin tudu. Ƙurji ne can bayan maƙogwaro ya tara mugunya, ya matse hanyar iska. Beli ba ruwansa. Baba ya ce, "Rashin sani ya fi dare duhu." An shiga da Habu tiyata, amma kwana ya ƙare.

Yanzu wayata cike take da hotunan 'ya'yana, har na gaji da gogewa, kuma da yaro ya taɓa wuya nake neman mayafi mu tafi asibiti. Habu kuwa ba a taɓa ɗaukarsa ba sai wannan karon. Inna ta adana ledar a ƙasan kwalla, cikin rigar sallar. Har ta tsufa takan ɗaga ta a hasken taga, ta ce a nan kansa ya ɗan karkata, kamar in zai yi ƙiriniya.

Ni na duba, na duba, ƙashi kawai nake gani.